Gorunan Yaya Okhi

Ƙarfe shida na safe bas ya tsaya a bakin kasuwa, kamar yadda ya saba duk Lahadi ta biyu a wata, ranar da ake rufe rumfuna. Malsun mai ɗinki ce ta ƙarshen shiga. Shekara guda cur rabonta da bin 'yan ƙungiyar kasuwa hawan dutse, tun ranar da aka sauko da Yaya Okhi a kwance, fuska a rufe. Yau ɗin ma ba marmari ne ya fito da ita ba. Namju ce, 'yar marigayiyar, ta zo har rumfarta ta ce tana so ta ga inda uwarta ta faɗi, kuma duk ƙungiyar babu wanda ta sani sai ita.

"A'a, ga ɓatacciya ta dawo!" in ji Kaka Yang mai awara daga kujerar gaba. "Wannan uwar jaka fa? Ƙaura za ki yi zuwa kan dutsen?"

"In na ƙaura ai kin huta da bakina, Kaka," Malsun ta ce, ta wuce ba ko murmushi.

Ta zauna kusa da Namju, ta ɗora jakar a cinya ta rungume. Namju ta ba talatin da biyar baya, aikin ofis take yi a Seoul, amma yau da ta sa sabon takalmin hawa da hular uwarta mai faɗin baki sai ta koma kamar ƙaramar yarinya. Hular nan ce ta hana Malsun kallonta sosai. Shekara ashirin da shida rumfar Okhi ta busasshen kifi tana manne da rumfar ɗinkin Malsun. Tukunya ɗaya suke ci da rana. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma Yaya take ce mata, Namju kuwa tun tana yarinya Inna take kiran Malsun.

Bas na fita daga gari Jagora Tak ya miƙe, ya karɓi abin magana daga hannun direba. Kwaɗo da mukullai yake sayarwa a kasuwa, amma ya taɓa yin saje a soja, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Usur a wuya, agogo a hannu.

"Jama'a, tafiyar yau awa shida ce, hawa da sauka. A wurin ajiye motoci minti goma na ba ku. Goma, ba sha ɗaya ba. Mata, da ku nake. Ƙarfe sha biyu za mu tsaya a faffaɗan dutse mu zuba wa 'yar'uwarmu Okhi giya, mu rusuna mata, sannan mu ci abinci. Ƙarfe huɗu mota za ta tashi. Wanda ya makara ya gaishe min da aljanun dutse."

Mazan suka yi dariya suka tafa.

Zafi ya riga ya fara tun rana ba ta ɗaga ba. Namju ta ciro gorar ruwa daga gefen jakarta, ta buɗe, har ta kai baki, Kaka Yang ta miƙo hannu ta kan kujera ta dafe gorar.

"Ajiye, 'yar nan. Ba a shan ruwa a mota."

"Ƙishi nake ji, Kaka."

"Kowa ma na ji. Ungo." Ta miƙo mata yankakkiyar kokwamba a leda. "Ki sa a baki ki riƙa tsotsa. In kin kai sama ki kurɓi kaɗan, ki jiƙa harshe kawai. Can sama ba inda mace za ta tsuguna. Mu nan duk tun jiya da yamma muka yi sallama da ruwa. Uwarki ba ta koya miki ba?"

Namju ta rufe gorar, ta karɓi kokwambar, ta yi godiya. Malsun ta kalli taga. Ita ma bara waccan haka take koya wa sababbin shiga, da bakinta, har tana yi da dariya.

Babu wanda ya taɓa rubuta wannan doka, babu wanda ya taɓa faɗinta a taro. Amma duk macen da ta taɓa bin ƙungiyar sau biyu ta san ta. Hanyar dutsen siririya ce, dama rami hagu rami, ranar Lahadi kuwa mutane a jere suke kamar tururuwa tun daga ƙasa har ƙololuwa. Namiji in ya matsu sai ya yi taku biyu, ya juya baya, ya fuskanci bishiya, yana yi yana hira da na bayansa. Mace kuwa sai ta sauke jaka, ta kwance ɗamarar ƙugu, ta kwance ƙyallen gwiwa, ta zare wando, ta tsuguna, duk a gaban idon mutum ɗari. Don haka mata suka daina sha. Su ke tashi da asuba su naɗe shinkafa da ganyen teku, su ke dafa nama, su ke goya abincin mutum arba'in a baya har sama, kuma su ne masu tafiya da busasshen maƙogwaro.

Okhi kaɗai ce ta taɓa ƙin bin dokar. Tana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, saboda haka a farkon shigarta sai ta riƙa ɗaga hannu ta ce a tsaya. Rannan Jagora Tak ya ce, a gaban kowa, "To, famfon kasuwa ya sake ɓallewa." Shi ke nan suna ya bi ta. Famfo. A mota Famfo, a kasuwa Famfo, har yaran masu rumfuna. Okhi takan yi dariya tare da su, don ita mai dariya ce. Amma daga wannan rana ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Ranar hawa ko ƙwayar maganin ba ta sha.

Da suka isa wurin ajiye motoci, bas goma sha ɗaya suka tarar sun riga su. Banɗakin mata ƙofa uku ne, ɗaya an ɗaure ta da waya an manna takarda. Layi ya fito waje, ya zagaye rumfar mai sayar da sanduna, ya miƙe har bakin titi. Ɓangaren maza kuwa shiga kawai ake ana fitowa, wasu ma suna gyara zif a waje.

Malsun ta ja Namju suka shiga layi. Suna matsawa kaɗan-kaɗan. Saura mutum shida a gabansu usur ya tashi.

"Minti goma ya cika! A tafi!"

Matan ƙungiya suka fara zamewa daga layi ɗaya bayan ɗaya, kowace tana tsaki ƙasa-ƙasa.

"Tsaya, mu jira," in ji Malsun. "Su tafi mana."

"A'a, Inna. Saboda mahaifiyata suka fito yau. Ba zan zama ni ce mai riƙe mutane ba. Zan iya daurewa."

Malsun ta dube ta. Zan iya daurewa. Har muryar iri ɗaya da ta uwarta.

Suka kama hawa. Awa ta farko cikin inuwar itatuwa ne, matakalar katako da duwatsu, gyare na ta ƙara kamar zai fasa kunne. Iska ba ta motsi ko kaɗan. Riguna suka jiƙe sharkaf, suka manne a baya. Jagora Tak na gaba da 'yar tutarsa a jaka, yana ƙirga taku da ƙarfi. Mazan suna ɗaga gora suna kwankwaɗa, ruwa na gangarowa ta haɓa, wani ma ya zuba ragowar a ka. Ba a yi nisa ba uku daga cikinsu suka ratse gefe, suka jeru a gindin wata bishiya.

"Ku yi a hankali, kada ku kashe ta!" Kaka Yang ta ɗaga murya. "Shekara goma sha tara kuna yi mata ban-ruwa, ko tsawo ba ta ƙara ba!"

"Kishi kike yi, Kaka!" ɗaya ya amsa, bai ko waiwayo ba.

Mata suka yi dariya, suka sa kokwamba a baki.

Malsun tana bayan Namju, idonta a kan ƙafafunta. A awa ta biyu suka fita daga itatuwa suka hau doron dutse, inda babu inuwa ko ta tafin hannu. Dutsen ya ɗauki zafi har ana jinsa ta cikin takalmi. Namju ta daina magana. Takunta ya gajarce, tana matse cinyoyi, tana cije leɓe.

"Sha ruwa," Malsun ta ce.

"Ba zan iya ba, Inna. In na ƙara ko ɗigo..." Ta girgiza kai.

"Ki sha, na ce."

"In mun kai."

Can gaba kaɗan sandarta ta zame, ta dafa dutse da hannu, ta miƙe tana dariyar kunya. Malsun ta kalli bayan wuyanta a ƙarƙashin hular. Ɗazu gumi ke tsiyaya a wurin. Yanzu ya bushe, fatar ta yi ja.

Ta san wannan jan. Ta gan shi bara, a wannan hanya, a ƙarƙashin wannan hula.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, bara ma Okhi ba ta samu shiga banɗaki a ƙasa ba. Kuma a daidai ƙarshen itatuwan nan ta jawo hannun rigar Malsun ta raɗa mata, "Malsun, zo ki tsaya min a bayan dutsen can, ki kare ni da rigarki. Minti biyu kawai." Malsun ta hango Jagora yana duba agogo, ta hango mazan da za su fara Famfo, Famfo, har da ita a ciki. Ta ce, "Haba Yaya, daure mana. Saura kaɗan." Okhi ta ce to. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba, ba ta kuma taɓa gorarta ba. Awa biyu bayan haka ta zauna a faffaɗan dutse, ta ce kanta na juyawa, ta kira Malsun da sunan ƙanwarta da ta mutu tun suna yara, ta kwanta. Kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso an gama.

Malsun ce ta sauko da jakar Okhi. A ciki ta tarar da gora biyu cike, ko murfin ba a karya ba, kowace da jan zare a wuya, yadda Okhi ke ɗaura wa kayanta don kada su ɓace a mota. Ta cire su kafin ta miƙa wa Namju jakar. Shekara guda suna ƙarƙashin keken ɗinkinta, ƙafarta na taɓa su kullum.

Sha biyu saura minti biyar suka isa faffaɗan dutsen. Jagora ya duba agogo ya gyaɗa kai, ya ji daɗi. Mata suka sauke jakunkuna, suka shimfiɗa leda, suka jera busasshen kifi da tuffa da wainar shinkafa. Namju ta zauna a gefe, ta haɗa gwiwoyi, idanunta sun yi zuru-zuru.

Jagora Tak ya cire hula, ya ɗauki kwalbar giyar shinkafa, ya gyara murya.

"Yau shekara guda da 'yar'uwarmu Okhi ta bar mu a nan. Mace ce mai fara'a, ba ta fushi, ko an tsokane ta. Zuciya ce ta ci amanarta. Dutse ba ya zaɓe, lokaci in ya yi..."

"Ƙarya kake yi."

Kowa ya waiwaya. Malsun ta riga ta buɗe jakarta. Ta fito da gorunan nan biyu, ta dangwarar da su a kan ledar, tsakanin kifi da tuffa, har tuffa ɗaya ta gangara ta faɗa rami.

"Mai ɗinki, mene ne haka?" in ji Jagora. "Ana tsakiyar..."

"Ka san jan zaren nan? Kun san shi dukanku. Ku duba murfin. Ku duba mana! Awa uku tana tafe cikin wannan wuta da ruwa a bayanta, ba ta kurɓi ko ɗigo ba. Likita cewa ya yi jikinta ya bushe kamar kifin da take sayarwa. Ina tsaye ya faɗa, kai ma kana tsaye. Sai ka dawo kasuwa ka ce zuciya."

"To ni na hana ta sha? Kowa ya ji ni, kullum ina cewa a sha ruwa. Ban faɗa ba?" Ya juya wajen mazan. Suka gyaɗa kai.

"A sha a kai shi ina? A aljihu? Kai ka sha gora uku yau, na ƙirga. Sau biyu ka ratse. Wa ya busa maka usur? Wa ya sa maka suna?"

"Wasa ne ai. Ita kanta dariya take yi."

"Me kake so ta yi, ta yi kuka a gabanku ku samu na ƙari? Shekara shida tana dafa muku nama, tana goyo shi har nan, kuna ci kuna lashe yatsa kuna ce mata Famfo. Maganinta ta daina sha saboda bakinka, Saje!"

Wani daga cikin mazan, mai sayar da shinkafa, ya ce, "Haba Malsun, ki bari mana, ga 'yarta a zaune."

"Saboda 'yarta nake magana. Ka dube ta! Ku dube ta da kyau. Gumi ya ɗauke mata tun a doron dutse. Tun safe ba ta sha komai ba sai kokwambar Kaka. Ko sai an kira jirgi kafin ku gani?"

Kowa ya juya. Namju ba ta kallon kowa. Gorunan take kallo.

Malsun ta sake sa hannu a jaka, ta jawo wani babban ƙyalle, ta warware shi da ƙarfi. Ragowar yadin labule ne kala-kala, mai furanni da mai ratsi da wani kore mai kauri, ta harhaɗa su ta ɗinke tun cikin sanyi, ranar da baƙin ciki ya hana ta aikin mutane. Tsawonsa ya kai kamu goma sha biyu, ta yi masa madauki a baki-baki. Ba ta taɓa zaton za ta iya fito da shi ba. Ta jefar da ƙaramin shebur na tona rami da ledar takardar goge jiki a ƙasa.

"Can bayan dutsen akwai ƙasa. Mutum huɗu nake so su riƙe min."

Babu wadda ta motsa. Matan suka sunkuyar da kai, wata na gyara kifi, wata na wasa da igiyar takalmi. Wasu matafiya na wata ƙungiya sun tsaya suna kallo.

"Wannan abin kunya ne," in ji Jagora, murya ƙasa-ƙasa. "Ga baƙi na kallonmu. Kuma haramun ne ƙazantar da dutse, akwai doka."

"Je ka gaya wa bishiyarka," in ji Malsun.

Wata daga cikin baƙin ta tuntsire da dariya, ta toshe baki.

Malsun ta tsaya da ƙyalle a hannu, ita kaɗai. Ta bi matan da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ni zan roƙe ku? Ke mai barkono, ba ke ce kika kwana uku a asibiti da ciwon mara bayan hawan lokacin kaka ba? Ke kuma, ba a kujerar mota kika jiƙa wando kika ce shayi ne ya zube ba? Duk mun gani, duk muka yi shiru. Shirun nan ne ya kashe ta."

Kaka Yang ce ta fara yunƙurawa. Ta dafa sanda, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta tofar da kokwambar da ke bakinta.

"Ni dai ba riƙo zan yi ba," ta ce. "Shiga zan yi. Shekara goma sha tara ina matse da fitsari a dutsen nan, har na manta yadda yake da kyau. Duk wanda ya ce ga kogi ga gajimare, ni banɗaki kawai nake hange. Ku tashi ku riƙe min, 'yan banza, ko in yi a nan kan kifin!"

Mai barkono ta tashi. Sai wata. Sai wasu biyu tare. Suka kama madaukan, suka zagaya bayan dutsen, suka ja ƙyallen ya tsaya kamar ɗaki marar rufi, suka juya baya suna fuskantar waje.

"Ku kuma," Malsun ta ce wa mazan, "ku juya ku kalli kwari. Ai kun ce kallo kuka zo."

Mai shinkafa ne ya fara juyawa. Sauran suka bi, wani na tari, wani na sosa ƙeya. Jagora Tak ya tsaya da kwalbar giya a hannu, bai juya ba, har sai da Kaka Yang ta leƙo ta saman labule ta ce, "Saje, in kallo kake so ka matso kusa, idonka ba shi da kyau." Sannan ya juya.

Malsun ta durƙusa a gaban Namju. "Tashi. Ke ce ta biyu."

Namju ba ta tashi ba. Leɓɓanta sun tsage. Ta nuna gorunan da haɓa.

"Ina suke duk shekarar nan?"

"Wurina."

"Me ya sa?"

Malsun ta so ta ce don kada ranki ya ɓaci. Maganar har ta zo bakinta. Ta haɗiye ta.

"Don ta roƙe ni in kare ta da rigata, can a ƙarshen itatuwa. Minti biyu ta ce. Na ji tsoron kada a yi mana dariya, na ce ta daure." Ta sunkuyar da kai. "Ni na ce mata ta daure, Namju. Ba Saje kaɗai ba ne."

Namju ta dube ta, ta daɗe. Malsun ta jira mari, ko ihu, ko tofin yawu, kuma da ta karɓa. Ba ko ɗaya. Namju ta dafa dutse ta miƙe, ta yi tangaɗi, Malsun ta kai hannu za ta tare ta, ta janye kafaɗarta.

"Kada ki taɓa ni. Je ki riƙe labulen."

Malsun ta je ta karɓi madauki daga hannun mai barkono, ta juya baya, ta ɗaga hannuwa sama har kafaɗunta suka yi zafi. Hawaye na gangarowa suna shiga bakinta, ba hannun sharewa. Ba ta sauke ba.

Da Namju ta fito, mata suka zaunar da ita a 'yar inuwar dutse, suka cire mata hula da takalmi, suka jiƙa tawul suka ɗora mata a wuya. Kaka Yang ta riƙe mata gora tana ba ta kaɗan-kaɗan, da ɗan gishiri a tafin hannu.

"Sannu-sannu, kada ki amayar. Yauwa. Ni ce tsohuwar banzar da ta hana ki sha a mota, to yanzu ni ce zan ɗura miki."

A bayan labule kuwa layi ya kafu. Matan ƙungiya goma sha bakwai, sai ga na wata ƙungiyar su ma sun matso suna tambaya a kunyace ko za a ba su aro. Duk wadda ta fito sai ta karɓi madauki, wadda ta riƙe ta shiga. Ko'ina ƙarar karya murfin gora kake ji. Mai barkono ta shanye tata a tsaye, ta yi gyatsa mai ƙarfi, ta ce, "Ashe haka ruwa yake a sama!"

Sai da aka fi rabin awa kafin gumi ya dawo wa Namju a goshi. Malsun ta hango shi daga inda take tsaye, ƙananan ɗigo a gindin gashi. Nan ne ta miƙa wa wata madaukin, ta zauna a ƙasa.

Namju ta tashi ba takalmi, ta zo gaban ledar. Jagora ya miƙo mata kwalbar giya da hannu biyu. Ba ta karɓa ba. Ta ɗauki gora ɗaya mai jan zare, ta murɗe murfin har ya yi ƙara, ta tsiyaye ruwan a kan dutse a hankali, inda uwarta ta kwanta. Dutsen ya shanye shi nan take. Ta buɗe ta biyu, ta tsiyaye ita ma.

"Sha, Mama," ta ce. "Babu mai jiran ki yanzu."

Ta rusuna sau biyu, goshi a ƙasa. Kowa ya bi ta. Ta kwance jan zaren guda biyu ta sa a aljihu.

Aka ci abinci. Jagora ya duba agogo ya fi sau goma, a ƙarshe ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Mun makara da minti hamsin. Direba zai yi faɗa."

"Ya yi," in ji Kaka Yang da shinkafa a baki. "Shi ma yana da bishiyarsa a can ƙasa."

Wajen sauka Namju ba ta yi tafiya kusa da Malsun ba. Ta shiga tsakiyar mata, gora a hannu, tana kurɓa duk bayan ɗan taku. Malsun na can baya ita kaɗai, labule a naɗe a kafaɗa. Ba ta sani ba ko yarinyar za ta ƙara taka rumfarta, ko ta ƙara kiranta a waya ranar sabuwar shekara. Ta san dai tana tafe da ƙafafunta, bayan wuyanta a jiƙe.

Sun kusa shiga itatuwa, daidai dutsen nan da Okhi ta nuna bara, Namju ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta ɗaga hannu sama.

"A tsaya," ta ce da ƙarfi, yadda na gaba da na baya za su ji. "Fitsari nake ji."

Layi ya tsaya. Jagora Tak ya waiwayo, usur na hannunsa, ya kai shi rabin hanya zuwa baki. Mata goma sha bakwai suka zuba masa ido. Ya sake shi ya faɗa kan ƙirjinsa, ya juya ya fuskanci kwari.

Namju ba ta waiwayo ba.

"Inna," ta ce. "Labule."

Malsun ta sauke shi daga kafaɗa, ta ratsa ta cikin mutane tana ture duk wanda ya tare mata hanya.